Daga Ido Zuwa Ido

Ƙuguna ne ya fara sani, ba kunnena ba.
A gangaren bayan garken tumaki,
inda ruwan bara ya tsaga hanya,
babur ɗina mai ƙafa huɗu ya faɗa rami
bai taso da ni ba kamar yadda ya saba.
Haƙorana suka haɗu.
Kare ya diro daga baya, ya tsaya yana dubana
kamar da gangan na yi.

Na durƙusa cikin laka.
Shakazobar baya ta hagu tana zubar da mai,
baƙi, ɗis, ɗis, kan ciyawa.
Shekara goma sha tara tana haɗiye duwatsun Patagoniya
ba ta taɓa gaya mini ɗacinsu ba.

Na kwance ta, noti ɗaya ya ci mini fatar yatsa.
Na naɗe ta a buhun ulu,
na hau bas ɗin Talata zuwa Coyhaique,
awa bakwai a kan tsakuwa, tana kan cinyata.

Yaron kanti ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "Lamba?"
Na ce lambar na jikin takarda,
takardar kuma ɓera ya daɗe da yin sheƙa da ita.
Ya latsa kwamfuta, ya sake latsawa,
ya ce kamfanin ya daina yin irinta.
Akwai wata a Santiago mai jan sifirin,
mako shida kafin ta iso, kuɗin raguna tara,
kuma ba zai rantse za ta shiga ba.

Baldomero makanike, can bayan tasha,
ya goge hannu a wando, ya juya ta, ya sunsuna.
"Rabu da lamba, Eleuterio.
Ƙarfe bai iya karatu ba.
Auna daga ido zuwa ido.
In ta yi tsawo, babur ya yi maka goho,
in ta gaza, ya ja gindi a ƙasa."
Ya yanko igiya, ya ƙulla ta wuri biyu,
ya cusa mini a aljihu, bai karɓi ko sisi ba.

Wata guda ina yawo da igiyar nan.
Na leƙa ƙarƙashin babur ɗin masu gandun daji:
ta ɗara tawa da yatsa biyu.
Ta mai sayar da itace kuwa, idon ya matse.
Tumaki ba su jira ni ba.
Na bi su a ƙafa cikin iskar da ke ture mutum,
gwiwoyina suna faɗar abin da shakazoba ta rufa mini.

Ashe abin yana ƙetaren rafi,
a rumfar Nélida Cárcamo,
wadda shekara huɗu ba mu gaisa ba
saboda turakun shinge guda bakwai.
Babur ɗin ɗanta ne, tun da ya tafi aikin kifi bai waiwayo ba.
Kaji sun mai da kujerar wurin ƙwai.

Na tsaya bakin ƙofarta, hula a hannu,
har karnukanta suka gaji da haushi.
Ta fito, ta karɓi igiyar,
ita da kanta ta kwanta a ƙasa ta auna.
Ƙulli kan ido, ƙulli kan ido.
Ta tashi, ta kaɗe siket, ta dube ni.
"Ba na son rago," in ji ta.
"Turakun nan, ka mai da su inda ubana ya kafa."

Ranar Asabar na mai da su.
Ƙasar ta yi tauri, na karya ƙotar shebur.

Yanzu hagu ta fi dama ƙarfi,
babur yana ɗan karkata in mun hau tudu.
Kare ya koma mazauninsa.
Igiyar tana aljihuna har yau,
don ta dama ma ta fara gumi.